Kujerar Kakana da Masassaƙan Tsaunukan Kamaru

A zauren gidanmu, lokacin da nake yaro, akwai wata kujerar itace wadda babu mai hawanta sai kakanmu. Gajeriya ce, ba ta kai gwiwar babban mutum ba. Samanta faifai ne, ƙasanta zobe, tsakaninsu kuwa an sassaƙa wasu halittu masu ƙafafu da yawa, sun sarƙe da juna har suka zagaye ta. Babu ƙusa a jikinta, babu gam, babu inda aka haɗa wani itace da wani. Ta yi baƙi wuluk saboda hayaƙi da hannun mutane. Marigayin ya yi fataucin goro a ƙuruciyarsa zuwa ƙasar Bamenda, a zamanin da Ingilishi ke mulkin yankin tare da Nijeriya, kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961, kuma daga can ya ɗauko ta. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru, wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya biyo ta unguwarmu, aka sallama masa ita. Kuɗin da aka karɓa ya sayi kujerun roba huɗu. Ban ji wanda ya yi baƙin ciki a gidan ba, hasali ma gani aka yi an ci riba. A cikin kujerun roban nan babu wadda ta yi shekara biyar.

Sai da na girma na fahimci cewa halittun da ke jikin kujerar gizo-gizo ne, kuma a wurin mutanen da suka sassaƙa ta, gizo-gizo alama ce ta hikima da sanin abin da ya ɓoyu. Tun daga nan nake bibiyar tarihin waɗannan masassaƙa. Abin da ya sa na ga ya dace in kawo shi wannan shafi shi ne, a 'yan shekarun nan ana ta maganar dawo da kayan tarihin Afirka daga gidajen adana kayan tarihi na Turai. Magana ce mai kyau, kuma ina goyon bayanta. Amma tarihin tsaunukan Kamaru ya nuna mini cewa gadon da ya fi kujera daraja shi ne hannun da ya san yadda ake fitar da ita daga gungume, da dajin da ke ba da gungumen. Su kuwa waɗannan biyun babu mai yi musu gangami.

Yankin da nake magana a kansa shi ne tuddan yammacin Kamaru, wato jihohin Arewa maso Yamma da Yamma na ƙasar, waɗanda suka yi iyaka da tsaunin Mambila na jihar Taraba. Turawa sun laƙaba masa suna mai ma'anar filayen ciyawa. Yawancinsa ya haura mita 1,000 daga doron teku, Dutsen Oku kuwa ya kai mita 3,011, wanda Dutsen Kamaru ne kaɗai ya fi shi tsawo a ƙasar. Akwai masarautu barkatai a cikinsa, manya da ƙanana, irin su Nso da Kom da Bafut da Bali da Mankon da Babungo da Banjun, da kuma Bamun mai hedikwata a Fumban. Ana kiran sarki Fon ko Fo a yawancin harsunansu.

Me ya sa sassaƙa ta bunƙasa a nan? Dalili na farko shi ne yanayin ƙasar. Tsauni yana raba mutane, kuma yana raba arziki. Masu zama a gangare wajen yamma suna da kwakwar manja. Masu zama a tsakiya suna da masara da wake da dabbobi. Babungo da Oku sun shahara da narkar da tama da ƙira, Babessi da Bamessing da ginin tukwane, Nso da goro. Garuruwan da ke kan tudu sosai, inda sanyi da hazo ke taƙaita noma amma daji ke da kauri, sai suka riƙi itace. Haka Oku da Kom da garuruwan Babanki biyu suka zama cibiyoyin sassaƙa. Kowa na buƙatar abin da ke hannun maƙwabcinsa, sai kasuwanni masu ci duk bayan kwana takwas suka ɗinke su. Masanin nan Bafaranshe, Jean-Pierre Warnier, ya yi dogon nazari a kan wannan tsari na cinikayya kafin zuwan Turawa. Maƙeri yana kusa, saboda haka masassaƙi bai rasa gatari da gizago da wuƙa ba.

Dalili na biyu shi ne fada. Talaka a wannan yanki yana da kayan ɗakinsa, amma na tukurwa ne. Da gwangwala ake yin gado da kujera da rumbu da rufin ɗaki, har da bangon da ake yaɓe shi da laka. Ana huda ta, a zura wata cikin wata, a tsuke da tsinken gwangwalar, ba tare da ƙusa ba. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma har gobe ana yin ta. Itacen da aka sassaƙa kuwa na masu matsayi ne. Ginshiƙan fada, da dogaran ƙofa, da gadon sarki da ake fafewa daga gungume guda, da ganguna, da akusan cin abinci, da kujeru, duk fada ce ke sa a yi su, ita ce kuma ke raba su.

Kujera a can takardar shaida ce. Duk wanda ya gaji mahaifinsa, a kan kujerar uban ake zaunar da shi, a miƙa masa ƙahon shansa, daga ranar ya zama uban gida. Abin da aka sassaƙa a jikinta shi ke faɗin ko wane ne mai ita. Damisa da giwa da mesa dabbobin sarauta ne, haka ma siffar mutum. Ɓauna tana nuna ƙarfi da manyan fadawa. Kwaɗo alama ce ta yawan zuriya. Gizo-gizo kuwa, da yake wani irinsa yana zama a rami kuma masu duba suna aiki da shi, sai aka ɗauke shi a matsayin mai kai-komo tsakanin rayayyu da magabata. Mutum ba ya wayar gari ya sa a yi masa kujera mai damisa don yana da kuɗi. Akwai majalisar fada mai tsare doka, wadda ake kira Kwifon a wasu masarautun, Nwerong a Nso, kuma ba ta wasa da irin wannan ƙetare iyaka. Sarakuna kan aika wa junansu kujeru don ƙulla zumunci, shi ya sa ake samun aikin Babanki a fadojin da ke nesa da Babanki.

Yadda ake aikin ma abin lura ne. Ana sare itace a fara sassaƙa shi tun yana ɗanye, don ya fi bin gizago. Maigida ne ke auna gungume da ido, ya fitar da faifan sama da zoben ƙasa, ya raba tsakiya gida-gida. Yara masu koyo su ke fafe ciki, aikin da ke cin kwanaki, kuma kuskure ɗaya ya isa ya tsaga gungumen a yi asararsa baki ɗaya. Idan siffa ta fito sai maigida ya karɓa ya gama da ƙananan wuƙaƙe. Daga nan a shanya a inuwa, a shafa manja, wani lokaci da garin majigi mai ja. Sauran aikin hayaƙi ne. Ƙasar sanyi ce, wuta ba ta mutuwa a ɗaki, hayaƙin nan shi ke baƙanta itace ya kuma kore masa ƙwari. Yaro kan shafe shekaru a gaban maigidansa, yawanci uba ko kawu, kafin a bar shi ya taɓa fuskar kujera. Wanda ya gwanance kuwa sarki kan ba shi sarauta, ko ya soka masa jan gashin tsuntsu a hula, wanda shi ne lambar girma a yankin. Sana'ar ta kai matsayin da sarakuna da kansu ke riƙe gizago. Fon Yu na Kom, wanda ya rasu a 1912, ana tunawa da shi a matsayin masassaƙi, kuma gidan sarautar Babungo ma ya yi suna a wannan fanni.

Babu inda wannan tarihi ya fi fitowa fili kamar Fumban, kuma a nan ne hanyarsa ta gamu da tamu. Sarki Njoya ya gaji mahaifinsa Nsangu yana ƙarami, bayan an kashe uban a yaƙi da Nso. A tsakiyar shekarun 1890 wani babban bafade ya yi masa tawaye, sai ya nemi gudummawar Lamiɗon Banyo, dawakan Fulani suka zo suka ceci gadonsa. Daga nan Musulunci ya sami shiga fadar, malamai da fatake Hausawa suka yawaita a garin. Wannan sarki ne ya ƙirƙiro wa harshensa rubutu wajen 1896, ya fara da alamu kusan 500, ya yi ta tacewa har suka koma 80. Jamusawa sun iso Fumban a 1902. A 1908 Njoya ya aika wa Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu da karagar mahaifinsa, wadda ake kira Mandu Yenu. Itace ce da aka sassaƙa, aka lulluɓe ta da duwatsun ado da wuri, da siffar mace da namiji a bayanta, da macizai masu kai biyu a jikin mazaunin. Tana birnin Balin har yau. Jamusawa sun rubuta ta a matsayin kyauta. Masana da yawa a yanzu suna tambaya: kyautar da mai rauni ya ba wanda ya girke sojoji a ƙofarsa, kyauta ce ko fansar kai?

Da Faransawa suka karɓi yankin a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai suka shiga rage ƙarfin Njoya. Sun rarraba ikonsa a 1924, suka kore shi zuwa Yawunde a 1931, ya rasu a can a 1933. Abin da ya sami masassaƙa a wannan tsakani shi ne darasin. Fadar da ke ciyar da su ta yi rauni, sai wani ɗan gidan sarauta mai suna Mose Yeyap, wanda ke yi wa Faransawa tafinta kuma ba ya ga maciji da sarkin, ya tara masu sana'a a wata unguwa a wajen fada, suka fara yi wa jami'an mulkin mallaka da baƙi aiki. Unguwar masu sana'ar hannu ta Fumban da ake zuwa gani a yau daga nan ta samo asali. Damisar da a da sai sarki, ta koma ta duk mai kuɗin saye. A ɓangaren Ingilishi ma an yi makamancin haka daga baya. A farkon shekarun 1960 wani fasto ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Knöpfli, ya kafa cibiyar sana'o'in hannu ta cocin Firesbiteriyan, wadda aka fi sani da Prescraft, don matasa su koyi aikin iyayensu su kuma sami kasuwa a Turai. Za a iya cewa kasuwa ta zubar da alfarmar kujera, kuma gaskiya ne. Amma ba don ita ba, da gizago ya daɗe da yin tsatsa.

Kasuwar tana da wata fuskar mai muni. Da Turawa da Amurkawa suka fara zuba kuɗi a kan tsofaffin kayan Afirka, sai fadoji suka zama wurin farauta. A 1966 aka sace Afo-A-Kom, mutum-mutumin sarautar Kom da ake danganta sassaƙarsa ga Fon Yu, daga fadar Laikom. Sai a 1973 aka gano shi a hannun wani dillali a Niyok, an sa masa kuɗi Dala 60,000. Jaridar New York Times ta fallasa labarin, aka yi ta surutu, kafin shekarar ta ƙare aka mayar da shi gida. Wata siffar mace daga ƙasar Bangwa, wadda wani Bajamushe ya fitar a 1899, an yi gwanjonta a 1990 a kan Dala miliyan 3.4. Wani bincike da masanan Jamus da Kamaru suka fitar a 2023 ya ƙirga kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihin Jamus kaɗai, alhali gidan tarihin ƙasa da ke Yawunde yana da kimanin 6,000. A 2022 hukumar da ke kula da gidajen tarihin Balin ta amince ta mayar wa mutanen Nso da Ngonnso, siffar uwar da ta kafa masarautarsu.

A nan ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Hanyoyin da kakanninmu suka bi suka kai shuɗin zanen Wukari tuddan nan suka dawo da goro, su ne wasu daga cikin jikokinsu suka bi suna tsintar kujeru da ƙofofi suna kai wa Turawa a Duwala da Legas da Abijan. Dillalan tsofaffin kaya a Afirka ta Yamma, da yawansu Hausawa ne, wannan sananne ne ga duk wanda ya san harkar. Mutumin da ya sayi kujerar kakana da Hausa ya yi ciniki, kuma mu ne muka miƙa masa. Ban ga laifinsa fiye da namu ba.

Da na sami zuwa Fumban, na shafe yini guda a unguwar masu sana'a. Na ga kujeru masu gizo-gizo iri ɗaya da tamu, jere a ƙofar shaguna. Na kuma ga inda ake tsufar da sabo: a turara shi a hayaƙi, a goga masa toka da manja, a bar shi a ƙasa gara ta ɗan taɓa shi, don mai saye ya ɗauka ya shekara ɗari. Abin ya dame ni, amma ba ta fuskar da na zata ba. Ga mutum mai gwanintar da ba ta gaza ta kakansa ba, amma kasuwa ta koya masa cewa aikinsa ba shi da daraja sai ya ɓoye sunansa ya jingina shi ga matacce. Mai saye yana son tsohuwar kujera, ba ruwansa da mai sassaƙa ta. Ina ganin wannan ita ce cutar da mu ma muke ɗauke da ita idan muka taƙaita maganar gado a kan abin da ke cikin gilashi a Balin da Faris.

Yau abubuwa uku ne suka taso wa sana'ar. Na farko daji. Dajin Kilum-Ijim da ke kewaye da Dutsen Oku, mai faɗin kimanin hekta 20,000, shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin kan tsauni a wannan sashe na Afirka, kuma gona da kiwo da wuta sun ci da yawansa kafin a fara aikin kare shi a 1987. Bishiyar turare da aka cika tuddan da ita tana ba da itacen girki da turakun wutar lantarki, amma ba ta maye gurbin manyan itatuwan da ake fafe ganga ko gadon sarki da su. Kujerar gungume guda tana buƙatar bishiyar da ta girmi mai sassaƙa ta. Na biyu yaƙi. Tun daga 2017 jihar Arewa maso Yamma ke cikin rikici tsakanin gwamnati da 'yan aware. Baƙi sun ɗauke ƙafa, an sace sarakuna, wasu sun bar fadojinsu, kuma a 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton harin da sojoji suka kai fadar Bafut. Na uku shi ne yaran da ya kamata a ce suna fafe gungume a gaban iyayensu, waɗanda yanzu ke kan babur suna acaɓa a Bafusam da Duwala. Ba na zarginsu, ciki ba ya jiran tarihi. Amma ilmin da ba a rubuce yake ba, tsara ɗaya ce tsakaninsa da kabari.

Abin da ya faru a Banjun ya isa hujja. A farkon 2005 gobara ta cinye babban ɗakin taron fadar, mai dogon rufin ciyawa da ginshiƙai sassaƙaƙƙu. Da a ce masassaƙa sun ƙare a ƙasar, da shi ke nan, sai dai hotuna. Amma da yake akwai masu aikin a raye, aka sare sababbin itatuwa, aka sassaƙa sababbin ginshiƙai, ɗakin ya sake tsayawa. Wuta ta ci itace, ba ta ci sanin ba. A Fumban kuma an buɗe katafaren gidan tarihin sarakunan Bamun a watan Afrilun 2024, an gina shi da siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a samansa. Idan Mandu Yenu ta dawo, ta sami masauki. Tambayar ita ce, nan da shekara 50, za a sami wanda zai iya yin irinta a garin, ko kuwa jikokin masu ita za su riƙa kallonta kamar yadda baƙo ke kallo?

Na san wani mai karatu zai ce, ina ruwan Musulmi da masu sassaƙa gumaka? Amsata ita ce, mafi yawan abin da ke fitowa daga hannun waɗannan mutane kayan amfanin yau da kullum ne: kujera, gado, ƙofa, ginshiƙi, akushi, turmi. Fumban kuma gari ne da Musulmi suka fi yawa, sarkinsa Sultan ake ce masa, kuma masu sana'arsa sun daɗe da sanin yadda ake mayar da tsofaffin alamu su zama zayyana zalla a jikin ƙofa da teburi. Wanda ba ya son siffa yana da abin da zai saya.

Ba sai mun hau tsauni ba kafin mu ga irin wannan rashi. Masassaƙan da ke yi mana turmi da taɓarya da akushi da allo da ƙotar fartanya da kujerar tsakar gida suna ƙarewa a gabanmu, madobiyar Taraba da Adamawa kuwa an yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin a gungume, ba tare da gizagonmu ya taɓa ta ba. Jami'o'inmu suna da sassan koyar da zane da ƙere-ƙere. Babu abin da zai hana su ɗauko tsofaffin masassaƙa su koyar, a biya su kamar yadda ake biyan kowane malami, a kuma rubuta sunan kowane itace da yadda ake sarrafa shi tun masu sanin suna da rai. Masarautunmu, da suke da Sarkin Sassaƙa a jerin masu sarautar sana'a, za su iya komawa matsayin da fada ta riƙe a da, na mai sa aiki da biyan lada. Duk wanda ya sayi aikin hannu kuma, ya tambayi sunan wanda ya yi shi, ya biya kuɗin sabo a matsayinsa na sabo.

Na sayo kujera ɗaya a Fumban, sabuwa fil, mai gizo-gizo, na roƙi mai ita kada ya turara mini ita, ya kuma yanka sunansa a ƙarƙashinta. Ya yi dariya, ya yanka. Tana nan a ɗakin karatuna, fara sol, tana jiran hannun 'ya'yana ya baƙanta ta. Ta kakana kuwa, Allah kaɗai Ya san ƙasar da take. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana.